Yadda Ake Auna Raɗaɗi a Jikin Ɓerayen Gwaji: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban harhaɗa magunguna da na likitancin dabbobi da na ilimin aikin gaɓoɓin jiki suke yawan maimaitawa idan lokacin aikin bincike ya yi, aka miƙa musu keji da fararen ɓeraye aka ce su gwada ko wani magani yana kashe ciwo. Na tara su wuri guda, na faro daga na tushe. A Hausa kalmar "zafi" tana ɗaukar na wuta da na ciwo, don haka a nan zafi na wuta ne kawai, abin da dabba ke ji kuwa raɗaɗi ko ciwo. Ɓeran da nake nufi shi ne ƙaramin nan mai nauyin giram 20 zuwa 35. Inda magana ta zo kan wanda ke kai giram 200 zuwa sama, zan ce babban ɓera.

Ɓera ba ya magana, ta yaya za a ce an auna raɗaɗinsa?

Raɗaɗin kansa ba a auna shi. A asibiti ana tambayar majiyyaci ya faɗi ƙarfin ciwonsa daga sifili zuwa goma, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɓera kuwa sai dai a duba abin da ya yi: daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin ya janye ƙafa, sau nawa ya lashi tafinsa, yaya fuskarsa take, ya gina sheƙa ko ya bari. Daga nan ake kirdadon abin da yake ji.

Masana sun raba abu biyu. Akwai saƙon da jijiya ke ɗauka idan wani abu zai cutar da jiki, wanda Charles Sherrington ya yi bayaninsa tun 1906, akwai kuma jin daɗi ko rashinsa da ke faruwa a ƙwaƙwalwa. Na farko yana iya faruwa ba tare da na biyu ba. Dabbar da aka yanke wa laka tana iya fizge wutsiya daga zafi, alhali saƙon bai taɓa isa ƙwaƙwalwarta ba. Shi ya sa nake roƙon ɗalibi ya rubuta abin da idonsa ya gani, wato "maganin ya jinkirta janye ƙafa da daƙiƙa kaza", kafin ya kai ga cewa "maganin ya kashe ciwo". Duk sauran amsoshin nan a kan wannan bambanci suka ginu.

To shin yana jin ciwo kuwa kamar yadda muke ji?

Duk alamu sun nuna yana ji. Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon ciwo a jikinsa irin namu ne, mofin, maganin kashe ciwo mai ƙarfi, yana yi masa aiki kamar yadda yake yi wa mutum, yana kuma koyon guje wa wurin da ya sha wahala. Ƙungiyar masu nazarin ciwo ta duniya, IASP, da ta sabunta ma'anar ciwo a 2020, ta faɗa ƙarara cewa rashin iya furtawa ba ya kore yiwuwar mutum ko dabba na cikin ciwo. Abin da ke ruɗar sabon shiga shi ne ɓera abincin mage da shaho ne, saboda haka ɗabi'arsa ce ya ɓoye rauni idan ya ga ana kallonsa. Shirunsa ba lafiya ba ce.

Me ya sa ɓera, ba wata dabba ba?

Yana haihuwa da wuri, ciki kwana 19 zuwa 21, ba ya cin wuri, kuma an fi ƙwarewa wajen sauya ƙwayoyin halittarsa. A 1997 David Julius da abokan aikinsa a San Francisco suka gano TRPV1, ƙofar da ke jikin jijiya wadda yajin barkono ke buɗewa, wadda kuma zafin da ya haura digiri 43 ke buɗewa. A 2000 suka samar da ɓerayen da ba su da wannan ƙofa. Ɓerayen suka riƙa shan ruwan yaji kamar ruwan randa, kuma kumburi ya daina ƙara musu jin zafi. Da gwaje-gwajen da ke ƙasa aka tabbatar da hakan, kuma aikin na cikin abin da ya kai Julius ga kyautar Nobel ta 2021 tare da Ardem Patapoutian.

Mene ne bambancin gwajin wutsiya da na faranti mai zafi?

Gwajin wutsiya shi ne dattijo a cikinsu, D'Amour da Smith suka fito da shi a 1941. Ana haska wa wutsiya fitila mai zafi, ko a tsoma bakinta a ruwa mai digiri 48 zuwa 52, a ƙirga lokacin da za ta fizge. Wannan fizga aikin laka ce, kamar yadda aka faɗa a amsar farko. Dole kuma a riƙe ɓeran ko a sa shi a bututu, riƙon kansa kuwa yana tayar masa da hankali.

Faranti mai zafi ya zo a 1944 ta hannun Woolfe da Macdonald, Eddy da Leimbach suka gyara shi a 1953. Ana ɗora ɓera a kan farantin ƙarfe mai digiri 52 zuwa 55, an kewaye shi da gilashi, a jira ya lashi ƙafar baya ko ya karkaɗa ta ko ya yi tsalle. Lasa da tsalle suna buƙatar ƙwaƙwalwa, don haka wannan gwaji ya ɗan fi na wutsiya kusanci da abin da muke nema. Kada a ƙirga lasar ƙafar gaba, domin ɓera yana yinta ko babu komai, wankansa ke nan. Kada kuma a yi ta maimaita gwajin ga ɓera ɗaya, domin yana koyo, sai ya fara tsalle da wuri don a ɗauke shi.

Dukansu biyu suna da iyakar lokaci da ba a ƙetarewa: kimanin daƙiƙa 10 zuwa 15 ga wutsiya, daƙiƙa 30 ga faranti mai digiri 55. Idan lokacin ya cika ɓera bai motsa ba, a ɗauke shi a rubuta masa wannan iyaka. Wanda ya sha mofin zai iya zama har tafinsa ya ƙone. Mofin da danginsa suna fitowa fili a gwaje-gwajen nan, amma asfirin da ibuprofen da kyar suke nuna wani abu, domin babu kumburin da za su yi aiki a kansa.

Idan ƙafa ɗaya ce ke da ciwo, yaya zan gwada ta ita kaɗai?

Da hanyar Kenneth Hargreaves ta 1988. Ɓera na tsaye a kan gilashi cikin ɗan akwati, ba a riƙe ba, a saita fitila ta ƙasa daidai tafin da ake so. Yana janyewa agogo ya tsaya. Amfaninta shi ne lafiyayyar ƙafar ta zama abin kwatanta mai ciwon a jikin dabba ɗaya. A share fitsari daga kan gilashin kafin kowace aunawa, domin danshi yana sauya yadda zafi ke shiga fata. Ga sanyi kuma ana ɗiga asiton, wani ruwan sinadari mai saurin bushewa, a tafin, ya bushe ya sanyaya wurin, a ƙirga daƙiƙun da ɓera ya yi yana karkaɗawa ko lasa.

Waɗannan zaruruwan von Frey fa, yaya ake aiki da su?

Maximilian von Frey, masani a Jamus, ya fara su a 1896 da gashi na gaske manne a jikin sanda. Na yau na nailan ne, kowane zare yana lanƙwashewa idan ya kai wani nauyi sananne. Na ɓera sukan faro daga giram 0.008 su kai kusan giram 2. Ana sa ɓeran a kan raga, a kifa masa ɗan akwati, a taɓa tsakiyar tafin ƙafar baya ta ƙasa har zaren ya ɗan lanƙwasa, a riƙe daƙiƙa kaɗan. Hanyar da aka fi bi ita ce ta hawa da sauka, wadda Chaplan da abokansa suka daidaita a 1994: a fara da zaren tsakiya, in ya janye a sauka zuwa mai sauƙi, in bai janye ba a hau zuwa mai nauyi, a ƙara taɓawa huɗu bayan sauyin farko, sannan a lissafa nauyin da zai sa ya janye rabin lokaci. Lafiyayyen ɓera yakan tsaya wajen giram ɗaya. Wanda aka raunata wa jijiya yana iya faɗowa ƙasa da 0.2, ma'ana taɓawar da a da ba ya kulawa da ita yanzu ta dame shi, kamar majiyyacin da ba ya iya jure zanen rufa a ƙafarsa.

Wannan gwaji yana cin haƙuri fiye da kowanne. Ɓera sai ya yi minti 30 zuwa sa'a ɗaya ko fiye a kan raga kafin ya daina zagaye. Ba a taɓa shi yana tafiya, ko yana wanka, ko ya yi barci mai nauyi. Ana so ya natsu idonsa biyu. Idan ya ɗaga ƙafa don zai taka, wannan ba amsa ba ce. Zare mai nauyi yana iya ɗaga ƙafar gaba ɗaya bai lanƙwasa ba, shi ma ba amsa ba ce. Nailan kuma yana laushi da damina yana tauri da hunturu, yana gajiya da tsufa, don haka a riƙa danna kowane zare a kan ƙaramin sikeli ana duba ko har yanzu yana ba da nauyin da aka rubuta a jikinsa.

Gwajin murƙususu na asid shi muka fi gani a ayyukan jami'o'inmu. Ya wadatar?

Ya yaɗu a binciken itatuwan magani a Zariya da Kano da Sakkwato da sauran wurare domin ba ya buƙatar na'ura: sirinji, agogo da ido. Koster da abokansa suka bayyana shi a 1959. Ana yi wa ɓera allurar asid ɗin asetik, sinadarin da ke sa khal tsami, mai ƙarfin kashi 0.6 cikin ɗari, mililita 10 ga kowane kilo na nauyin jiki, a cikin kogon ciki. Bayan kamar minti biyar sai ya fara murƙususu: ya matse ciki, ya gantsare, ya miƙe ƙafafun baya. A ƙirga sau nawa ya yi cikin lokacin da aka yanke tun farko, a kwatanta rukunin da ya sha magani da wanda bai sha ba.

Ƙarfinsa shi ne rauninsa. Yana kama ko da maganin ciwo mara ƙarfi, amma yana kama abubuwan da ba maganin ciwo ba ne. Maganin barci yana rage murƙususu, mai saki tsoka yana ragewa, wasu magungunan ƙaiƙayi da mura ma suna ragewa. Idan tataccen ruwan wani ganye ya rage ƙirgen da kashi 60 cikin ɗari, abin da aka samu dalili ne na ci gaba da bincike. Sai an haɗa da fomalin da faranti mai zafi da gwajin daidaito, waɗanda duk aka yi bayaninsu a wannan shafi, kafin a buɗe baki.

Akwai kuma abin da ke damuna a kansa. A faranti ɓera yana da mafita, yana janye ƙafa an gama. A nan kuwa ba shi da inda zai gudu, ciwon na cikinsa har ya lafa. Shi ya sa kwamitocin kula da haƙƙin dabbobin gwaji da dama suke ɗari-ɗari da shi. Wanda zai yi shi ya tabbata tambayarsa ta cancanci hakan, ya yi sau ɗaya ga kowane ɓera, da ƙididdigar da za ta yi amfani.

Me ake nufi da zango biyu a gwajin fomalin?

Dubuisson da Dennis suka kawo shi a 1977. Fomalin ruwan sinadari ne da ake adana sassan jiki da shi. A ɓera ana sa maikurolita 20 (ɗan ɗigo kaɗan) na fomalin mai ƙarfin kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari a ƙarƙashin fatar tafin baya, a ƙirga daƙiƙun da ya yi yana lasa ko cizon ƙafar. Minti biyar na farko yana lasa sosai, domin sinadarin na tsokanar jijiya kai tsaye. Sai a yi ɗan shiru na kamar minti goma. Daga wajen minti 15 zuwa 30 ko fiye lasar ta dawo, wannan karon saboda kumburi da kuma yadda laka ta ƙara saurin amsawa. Mofin yana danne zangon biyu duka, masu rage kumburi irin su diclofenac sun fi taɓa na biyu, don haka gwajin yana ba da haske a kan inda magani ke aiki.

Kuskuren da na sha gani a nan na lissafi ne. Fomalin na kwalba ruwa ne mai kashi 37 cikin ɗari na fomaldihaid, saboda haka kashi 2.5 na fomalin bai kai kashi ɗaya na fomaldihaid ba. Wanda ya rikita su zai yi wa ɓera allurar da ta kusa ninka ƙarfin da ya nufa sau uku. A rubuta a fili wanne aka auna.

Yaya zan san maganin ciwo ya kashe, ba kasala ya sa wa ɓeran ba?

Kusan duk gwaje-gwajen da ke sama suna ƙirga motsi, kuma ɓeran da jikinsa ya mutu ba ya motsi. Don haka ake ƙara gwajin daidaito. Sananne shi ne sanda mai juyawa ta Dunham da Miya, 1957: a ɗora ɓera a kai, a ga tsawon lokacin da zai yi bai faɗo ba. Inda babu na'urar, a sa shi ya bi ta kan siririn katako zuwa kejinsa a ƙirga zamewar ƙafa, ko a sake shi a fili mai layuka a ƙirga layukan da ya ƙetara. Idan adadin maganin da ya rage murƙususu shi ne kuma ya kayar da shi daga sanda, ba a da hujjar kiran sa maganin ciwo. Mofin a ɓera akasin haka yake yi: ya hana shi zama, ya sa wutsiyarsa ta miƙe sama ta sandare.

Da gaske ana karanta ciwo a fuskar ɓera?

Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma ɓera bai fita daga wannan ba. A 2010 Dale Langford da Jeffrey Mogil na Jami'ar McGill da ke Kanada, tare da Kenneth Craig wanda ya daɗe yana nazarin fuskar jarirai masu ciwo, suka fitar da ma'aunin yamutsa fuska na ɓera. Abu biyar ake dubawa: runtse ido, tudun da ke fitowa a karan hanci, kumburin kumatu, kunnuwa da suka ja baya, da gashin baki da ya miƙe ko ya manne da fuska. Kowanne ana ba shi 0 in babu, 1 in akwai kaɗan, 2 in ya fito sosai, a ɗauki matsakaici.

Darajar wannan ma'auni ita ce ba a taɓa dabbar. Ana auna ciwon da take ciki da kanta, irin wanda majiyyaci ke kawo kuka a kansa. An fi samun daidai idan aka ɗauki bidiyo, aka ciro hotuna, aka ba wanda bai san rukunin ba ya sa maki. Ya fi aiki ga ciwon da ke ɗaukar mintuna zuwa kamar yini guda, irin na bayan tiyata. Ciwon jijiya na makonni ba ya yawan fitowa a fuska. Ɓera mai gyangyaɗi ko wanda bai gama farfaɗowa daga maganin sa barci ba shi ma yana runtse ido, a kiyaye.

Akwai wasu hanyoyin da ba sai an tsokani dabbar ba?

Akwai, kuma su na fi so ɗalibai su koya, domin suna da araha kuma suna tambayar abin da likita ke tambaya: ciwon ya hana ka harkokinka? Lafiyayyen ɓera idan aka ba shi auduga ko takarda mai laushi zai yayyaga ya gina sheƙa kafin gari ya waye, ana ba ta maki daga 1 zuwa 5. Idan aka ba shi bututu cike da tsakuwa ko ƙwayar abinci zai tone shi tas. Wanda aka yi wa tiyatar ciki yakan jinkirta tonon, in aka ba shi maganin ciwo ya koma aikinsa. Wannan ya warware matsalar kasala da aka ambata a sama, domin a nan maganin kirki ƙara motsi yake yi.

Wata hanyar ita ce zaɓen ɗaki. Akwati mai ɗaki biyu masu bambancin launi da daɓe, a riƙa ba dabbar maganin ciwo a ɗaya kawai, daga baya a buɗe ƙofa ba magani a ga inda za ta zauna. A 2009 Tamara King da Frank Porreca a Arizona suka nuna manyan ɓeraye masu raunin jijiya suna zaɓen ɗakin da suka sami sauƙi, lafiyayyu kuwa ba ruwansu da shi. Dabbar da kanta ta shaida cewa akwai abin da ke damunta ko ba a taɓa ta ba.

Jiya na samu sakamako, yau na samu wani daban. Me ke faruwa?

Elissa Chesler da Mogil sun tattara sakamakon gwajin wutsiya na ɓeraye sama da 8,000 daga ɗakin gwaji ɗaya, suka wallafa a 2002. Abin da ya fi komai sauya sakamako shi ne wanda ya yi gwajin, ya ma fi irin ɓeran tasiri. Bayan su akwai lokacin shekara, danshin iska, cunkoson keji, lokacin yini, da wanda aka fara ciro wa daga keji. A 2014 Robert Sorge a ɗakin gwajin Mogil ya gano cewa warin jikin namiji, ko rigar da namiji ya kwana da ita, yana tsorata ɓera har jikinsa ya danne ciwo na ɗan lokaci. Warin mace bai yi haka ba. Wannan ba ya nufin maza su bar aikin. Mutum ɗaya ya auna dukkan rukunai, ya zauna a ɗakin na wani lokaci kafin ya fara, a kuma rubuta jinsinsa a rahoto. Tun 2006 kuma aka san ɓera yana ƙara murƙususu idan yana kallon abokin kejinsa a cikin ciwo, don haka a sa shamaki tsakaninsu.

A wurarenmu yanayin ɗaki babban al'amari ne. Ƙa'ida ita ce digiri 20 zuwa 24, amma ɗakin dabbobin da wuta ke ɗaukewa yana iya haura 35 a watan Afrilu ya sauko ƙasa da 20 da asubahin Janairu. Wutsiyar da ta riga ta ɗumama tana fizgewa da wuri. Idan aka auna rukunin da bai sha magani ba da safe, na magani da azahar, rana aka auna. A cakuɗa rukunai a kowane zama, a riƙe lokaci ɗaya kullum, a rataye ma'aunin zafi a bango ana rubutawa. Ƙarar janareta da turare mai ƙarfi su ma a nisanta su. Ɗaukar ɓera ta wutsiya kuma yana firgita shi. Jane Hurst da Rebecca West na Liverpool sun nuna a 2010 cewa ɗauka cikin bututu ko a tafin hannu ya fi kwantar masa da hankali.

Maza zan yi amfani da su ko mata?

Duka biyun. Wani bita na 2005 ya gano kashi 79 cikin ɗari na binciken dabbobi da mujallar Pain ta buga cikin shekara goma maza kaɗai aka yi wa, alhali mata sun fi yawa a cikin masu fama da ciwo mai daɗewa. A 2015 aka nuna cewa bayan raunin jijiya, ƙwayoyin garkuwar da ke riƙe da ciwon a lakar namijin ɓera daban suke da na mace, har maganin da ya yi wa namiji aiki bai yi wa mace ba. A 2016 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta wajabta wa masu neman tallafinta su yi la'akari da jinsi. Irin ɓeran ma a rubuta shi da sunansa: kwatancen iri 11 da aka yi a 1999 ya nuna bambanci mai yawa a tsakaninsu, kuma "farin ɓera" ba sunan iri ba ne.

Dole ne a ɓoye mini wane ɓera ya sha me?

Dole ne. Hukuncin ko ƙafa ta janye ko taku ne, ko wannan murƙususu ne cikakke ko rabi, a idonka yake, kuma mai fatan ganyensa ya yi aiki idonsa yana karkata bai sani ba. Abokin aiki ya haɗa allurai ya sa musu lamba, ya riƙe takardar har a gama lissafi. A raba ɓeraye rukuni-rukuni da ƙuri'a, domin wanda hannu ya fara kamawa yawanci shi ne mafi sanyin jiki. A yanke yawan dabbobi da dalilan cire wata daga lissafi kafin a fara. Jagorar ARRIVE, ta 2010 da aka sabunta a 2020, ta jera abin da ya kamata rahoto ya ƙunsa.

Wannan bincike ya taɓa wata cuta da ta dame mu kai tsaye?

Amosanin jini, wato sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara a Najeriya, kuma ciwo ne ke kai yawancinsu asibiti. A 1997 aka samar da ɓeraye iri biyu, na Berkeley da na Townes, waɗanda jininsu ke ɗauke da himoglobin ɗin sikila na ɗan Adam. Kalpna Gupta da abokan aikinta a Minnesota sun nuna a 2010 cewa ɓeraye masu sikila sun fi saurin janyewa daga taɓawa da zafi da sanyi, kuma riƙonsu ba ƙarfi idan aka sa su kama waya aka ja, alamar ciwo a tsoka da ƙashi. Duk mahaifiyar da ke fargabar shigowar hunturu saboda ɗanta za ta gane maganar sanyin nan. Zaren von Frey na cikin kayan da aka yi wannan aiki da su.

Wannan duka ba zalunci ba ne?

Tambaya ce da ta kamata kowa ya riƙa yi wa kansa har ya bar aikin. An koya mana ko yanka za a yi a wasa wuƙa a hutar da dabba, balle wadda za a sa wa ciwo da gangan. Ƙa'idojin da Manfred Zimmermann ya rubuta wa IASP a 1983 sun ce a nemi amincewar kwamiti kafin a fara, a yi amfani da mafi ƙarancin ciwo da mafi gajeren lokaci da mafi ƙarancin dabbobi, a ba dabba hanyar kuɓuta inda zai yiwu, kuma idan abin ba mai huda jiki ba ne mai binciken ya fara gwada shi a jikinsa. Ka ɗora yatsanka a farantin nan kafin ka ɗora ɓera. Tushen duka shi ne ƙa'idoji uku na Russell da Burch na 1959: a maye gurbin dabba inda akwai wata hanya, a rage yawanta, a tausasa yadda ake yi.

Ɓeran da aka yi wa tiyata don wani bincike daban yana da haƙƙin maganin ciwo, kamar buprenorphine ko meloxicam ko carprofen, a kuma duba shi da ma'aunin fuska da sheƙa a ga ko maganin ya isa, domin buprenorphine na yau da kullum ba ya kai shi safiya. A rubuta tun farko alamomin da za su sa a dakatar: ramar da ta kai kashi 20 cikin ɗari na nauyi, ƙin ci da sha, takurewa wuri ɗaya da gashi a tsaye, ko cizon ƙafa har rauni. Gwajin da aka yi da sakaci ya zama ba a iya dogaro da shi, ɓerayensa sun sha wahala a banza.

Idan magani ya yi aiki a ɓera, zai yi a mutum?

Wani lokaci. Magungunan da ke toshe hanyar sinadarin P, wani sinadari da jijiyoyin ciwo ke aika saƙo da shi, sun yi kyau ƙwarai a dabbobi a shekarun 1990, da aka kai su ga mutane ba su kashe ciwo ba. Ɗaya daga cikinsu, aprepitant, ya ƙare a matsayin maganin amai ga masu shan maganin ciwon daji, aka amince da shi a 2003. Daga cikin dalilan da ake kawowa akwai wanda ya ratsa wannan shafi: an daɗe ana auna janye ƙafa na daƙiƙa kaɗan a samarin ɓeraye maza iri ɗaya, majiyyaci kuwa sau da yawa dattijuwa ce mai ciwon shekara biyar da ke hana ta barci.

A ɗaya ɓangaren, John Wood da abokan aikinsa a Landan sun gano wata ƙofar sodiyam da ke jijiyoyin ciwo a 1996, wadda ake kira Nav1.8, a 1999 kuma suka nuna ɓerayen da ba su da ita ba sa amsa matsa mai ciwo yadda sauran ke yi. A Janairun 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da suzetrigine, maganin ciwo mai toshe wannan ƙofa wanda ba dangin mofin ba ne, shekara 26 bayan waɗancan ɓerayen.